Zanen Yakura da Makafin Birnin Hanci

Ranar da hancin Malam Nadabo ya daina jin matarsa, Talata ce da hantsi, kuma babu wani abin kirki da ya faru a Haɗejiya ban da wannan.

Yakura ta rasu tun kafin ruwan farko ya sauka. 'Yar Borno ce, mai haɗa humra da turaren wuta, kuma duk zamansu ba ta taɓa barin tufa ta shiga akwati ba sai ta kife kwando a kan kasko, ta shimfiɗa tufar a kai, hayaƙi ya ratsa ta ciki da waje. Shi kuwa tsohon malamin makaranta ne wanda ya karanta littattafai fiye da yadda suka amfane shi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kin cika mana gida da hayaƙi, sai ka ce wurin bandar kifi." Ita kuma amsarta ɗaya ce: "To Malam, ka fita mana." Sai ta ƙara garwashi. Shi kuma bai taɓa fita ba. Yakan zauna ya ɗaure fuska yana juya shafi.

Da aka kai ta, sai ya yi abin da mai ilimi kaɗai zai iya yi. Ya taɓa karanta cewa ƙanshi ƙananan ɓurɓushi ne da ke tashi daga abu su bi iska, saboda haka ya cusa tsumma a tagogin ɗakinta, ya rataya bargo a ƙofa, ya tare a ciki da zanenta shuɗi a kan fuskarsa. A ciki yake salla, a ciki yake ci. Ƙanshin ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, har ranar Talatar nan ya shaƙa ya ji auduga kawai.

Ƙanwarsa Ladidi ta ɗaga bargon ta shigo da kwanon tuwo.

"Kai, Yaya! Ɗakin nan har yanzu Yakura ce. Wallahi kamar yanzu ta tashi ta zaga."

"Me kike ji?"

"Humrarta mana. Tun daga zaure take tarbar mutum. Kai ba ka ji?"

"Ajiye kwanon ki tafi."

"Ko sannu babu. Ka ci dai, miyar kuka ce, kada ka bar mini ita ta kwana kamar ta jiya."

Ta fita. Ya zauna da wannan labari: ƙanwarsa na jin matarsa, mai kawo ruwa ma ya taɓa faɗa, har maƙwabci ta kan katanga. Shi kaɗai, wanda ya aure ta, aka hana.

Akwai dunƙulen turare guda da ya rage daga haɗinta na ƙarshe, yana ɓoye a gwangwani. Ya hura garwashi, ya ɗora dunƙulen, ya kife kwando, ya shimfiɗa zanen a kai kamar yadda ya ga tana yi. Hayaƙin bai tashi sama ba. Ya sulalo ta gefen kwandon, ya taru a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya zama tsohuwa mai launin toka wadda tsawonta bai fi taɓarya ba.

"Salamu alaikum, ya kai mijin mai kasko."

"Wa alaikumus salamu. In don turare kika zo, kin cinye na ƙarshe."

"Na cinye, kuma irinmu ba ma cin abin mutum mu shafe baki mu wuce. Ni ce Uwar Toka. A kaskon nan nake tun ranar da aka kawo matarka gidan nan, ita ke ciyar da ni, kai kana zagina. Faɗi buƙatarka."

"Wa ya sace mini ƙanshinta?"

"Ba a sace ba, ƙofa aka rufe masa. A cikin kanka, can bayan kogon iska, akwai birni. Makafi ne ke rufe ƙofofinsa."

"Kai ni wurinsu."

Tsohuwar ta miƙa yatsu biyu ta zare zare ɗaya daga gefen zanen ta ba shi. "Duk hannun da ka ɗaure da wannan ba zai miƙe ba sai ka kwance. Amma ka ji sharaɗi, ya ɗan Adam. Gangar jikinka za ta zauna nan gaban kasko, ba gani, ba motsi. Ba za ta san komai ba sai abin da birnin ya gaya mata."

"Dama haka take tun da aka yi rasuwar," in ji shi.

Ta hura masa toka a ido. Ya ƙanƙance har ƙwayar gero ta fi ƙarfin ya ɗauka, hayaƙi ya sure shi sama. Ya ga fuskarsa a gabansa kamar gefen dutse, duk kwazazzabai, bai taɓa sanin ya lalace haka ba. A tsakiyar dutsen akwai koguna biyu na iska. Na dama ya zuƙe shi.

Cikin kogon daji ne na baƙaƙen itatuwa marasa ganye, jikinsu duk gawarwakin matafiya: ƙura, ƙaiƙayi, ɓallin fiffiken ƙuda. Iskar wurin ba ta da alƙibla ɗaya. Ta ja shi ciki, ta juyo ta watso shi baya har ya kusa faɗowa waje. Sai da ya sha duka a jikin itatuwa kafin ya gane dabarar: in iska ta juyo ya rungumi itace, in ta ja ya saki. Da haka ya ƙetare dajin, rigarsa a yage.

Bayan daji sai Kogin Yauƙi, mai kauri, mai tafiya a hankali zuwa wani rami da ba a ganin ƙarshensa. Duk abin da ya taɓa ruwan ya manne, ya tafi ke nan. A bakin gaɓa akwai kwalekwale da matuƙi mara fuska.

"Tsaya nan. Kai wane ƙanshi ne?" in ji matuƙin.

"Ni ba ƙanshi ba ne. Mutum ne, kuma malami."

"Ba na ɗaukar mutane, balle malamai. Ƙanshi da wari kaɗai ke hawa jirgina."

Matuƙin ya matso ya sunsuna shi daga hula har takalmi, ya ja da baya. "Ƙarya kake. Kai humra ce mai ƙafafu. Hau. Na gaji da jigilar 'yan uwanka, kullum ina kai su, ba mai buɗe musu."

Suka haye. A ɗaya gaɓar ganuwa ce ta mai, tana rawa kamar man gyaɗa a faranti, kuma a jikinta ƙofofi ba iyaka. Kowace ƙofa an saƙa ta cikin ganuwar, ta shiga ta fito har sau bakwai kamar ɗinkin hannu, da ɗan gurbi a waje daidai zaman baƙo ɗaya. A wani sashe baƙi ne jingim masu rawayar riga, suna zaune, suna ƙwanƙwasawa, ba mai amsawa. Nadabo ya gane su. Ƙanshin Yakura ne.

Baƙo ba ya shiga birnin nan, a gurbi yake zama. Amma zaren da ke hannun Nadabo ya ja shi ta wata magudanar ruwa ya fito da shi ciki. Yana tsaye yana karkaɗe jiki sai ya ga yadda ake yi. Wani baƙo mai koriyar riga ya zauna a gurbin wata ƙofa daga waje. Ƙofar ta murɗa ƙugu, ginshiƙinta ɗaya ya karkato, wani lungu ya buɗe ta ciki. Ɗan aike ya faɗa lungun, ya rabe biyu, rabinsa ya ruga wurin makaɗa, rabin ya tsaya jingine da ganuwa. Ganga ta ɗauka: "Kuka! Daddawa! Kuka!" Miyar Ladidi ce ta iso.

Ba a jima ba sai ga makaho yana tafe yana bin ganuwa, ƙafarsa ɗaya ba ta rabuwa da ita, hannunsa na dama yana reto kamar tsumma. Ya dafa rabin ɗan aiken da ya tsaya, ya lalubi lungun, ya zura hannun. Nan take hannun ya miƙe ya yi tauri kamar taɓarya. Ya ciro wata 'yar sarƙa mai duwatsu uku daga jakarsa, ya ɓalle na ƙarshe, ya manna a jelar ƙofar da ke lilo ta ciki. Ya ƙara, ya ƙara. Wata doguwar mace mai lulluɓi ta zo ta shafa duwatsun da yatsa kamar mai jan carbi, ta yafa lulluɓinta a kan lungun. Gangar kuka ta yi shiru.

Nadabo ya bi ganuwa har sashen masu rawayar riga. Nan ya tarar da tsohon makaho, gemunsa har gwiwa, yana zaune yana huci. Bangon sashen duk giɓi ne, kamar bakin tsoho.

"Allah ya ja zamanin mai wannan wuri. Wa nake magana da shi?"

"Sarkin Hatimi, mai kula da unguwar humra. Muryarka ta waje ce. Me ya kawo ka?"

"Na zo in ji abin da matata ta yi muku, har kuka rufe mata ƙofa."

"Ba mu san matarka ba, ya baƙo. Ba mu san kowa ba. Mu ba ma ganin waje, kuma ba a gaya mana sunan mai ƙwanƙwasawa. Hannuna ne ke sani. Ƙofar da ke rufe ba ta da inda zai shiga, sai in wuce ta. Wadda ta buɗe tana da lungu. In ya shiga ya miƙe, in ya miƙe in manna dutse. Sauran aikin na Mai Lulluɓi ne."

"Ba ka tambaya ko ƙanshi ne ko ɗoyi?"

"Da wardi da masai, lungunsu iri ɗaya ne a hannuna."

"Na zauna da hukuma shekara da shekaru, ban ga mai kama da kai ba sai sufeton makarantu. To don me?"

"Don fadar birnin nan ta ji sabon labari. In ganga ta faɗi abu, an ji. In ta yi ta maimaitawa, sai ta danne na bayanta. Mu ke sa ta yi shiru."

"Waɗannan giɓin fa?"

Makahon ya yi tsaki. "In an lulluɓe ƙofa, ana janye ta zuwa tafkin wanka, a wanke duwatsun, a mayar da ita bango sabuwa fil. Haka ake yi in baƙo ya zo ya tafi. In kuwa ya ƙi tafiya, aka wanke aka mayar, ya sake buɗe ta, aka sake, ya sake, sai masu tafki su gaji su kai ta murhu. Wani mara tunani ne a waje ya toshe tagoginsa tun farkon damina. Baƙi ba sa tafiya, ni ba na barci, ƙofofi na ƙarewa. Ko ka san shi?"

Nadabo ya ce bai san shi sosai ba.

A lokacin ne masu tafki suka iso ɗauke da 'yan ƙofofin humra da suka rage, wankakku, suka saƙa su a bango. Baƙin waje suka faɗa gurabe. Ƙofofin suka fara murɗawa. Sarkin Hatimi ya yunƙura ya tashi, hannunsa na reto. Nadabo ya ji bayani, ya kuma fahimta, don ba fahimta ce ta taɓa yi masa ƙaranci ba. Ya cafke hannun, ya naɗa masa zaren, ya ƙulle.

"Me ka yi, ya baƙo?"

"Na ba ka hutu."

'Yan aike suka ruga. Ganga ta ɗauka, wata ta amsa, unguwar ta ɗauki kiɗa. Yakura ta cika birnin: farcen turare da sandal da kajiji, da ɗan zaƙin sukarin da take ƙonawa, da man kaɗanyar da ke ƙarƙashinsu duka, wanda ba ya cikin kowace kwalba sai a wuyanta. Nadabo ya zauna a ƙasa. Abin da fuskarsa ta yi ba wanda ya gani, da yake maƙwabcinsa makaho ne.

Kiɗan bai tsaya ba. 'Yan aike suka yi ta rabewa suna gudu har suka fara zubewa a hanya, wasu na taka wasu. Mai Lulluɓi ta zo ta shafa jelar ƙofofi, ba dutse, ta koma. Kajiji ya narke cikin sandal, sandal ya narke cikin farce, man kaɗanyar ya ɓace da fari. Abin da ya rage ƙara ce mai nauyi wadda ke danne ƙirji, ba ta kama da kowa. Nadabo ya toshe kunne, amma bai taɓa zaren ba.

Sarkin Hatimi ya karkata kai. "Akwai ƙaramar ganga can gabas tana kuka. Ni ina jin ta, kunnen makaho gare ni. Fada ba ta ji."

"Me take cewa?"

"Ƙauri. Tana cewa auduga na cin wuta."

Nadabo ya tuna kwando a kan kasko, da zane a kan kwando, da gangar jikin wani tsoho zaune a gabansu, ba gani, ba motsi, tana jiran birni ya gaya mata.

"Ka aika a gaya wa fada!"

"Ni ba ɗan aike ba ne. Abu ɗaya na iya, ka ɗaure shi."

"In na kwance, za ka bar mini ƙofa ɗaya a buɗe?"

"Hannuna bai san ɗaya ba. Ya san buɗaɗɗa."

"Ka jinkirta kaɗan, to. Na sha wuya kafin in iso nan."

"Na ji kana cewa matarka. To ka ji, ya mijinta. Abin da kake ji yanzu, ita ce?"

Nadabo ya saurara. Ba ita ba ce. Ita tana can a jikin zane, wuta na bin gefensa.

Ƙullin ya ƙi yatsu, sai da ya sa haƙori. Zaren na faɗuwa, tsohon ya bi ganuwa da saurin da ba a zaci gemunsa zai bari ba. Hannu ya shiga lungu ya miƙe, dutse ya manne, lulluɓi ya sauka. Ƙofa bayan ƙofa, gangunan humra suka mutu. Cikin shirun sai ƙaramar gangar ta fito sarai, siririya, mai kaifi: "Ƙauri! Ƙauri!" Fada ta ji. Ganuwa ta girgiza, kogi ya tashi tsaye, iskar kogo ta taru wuri ɗaya.

"Riƙe hularka," in ji Sarkin Hatimi. "Atishawa ce."

Malam Nadabo ya buɗe ido a gaban kasko, hanci na zuba. Kwandon na ci bal-bal. Ya fizge zanen, ya kashe wutar gefensa da tafin hannu, ya juye buta a kan kwandon. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har ba ya ganin ƙofa, dole ya fizge tsummokaran taga ɗaya bayan ɗaya, ya yar da bargon. Wuta ta ci kusurwar zanen kamar faɗin faifai. A kasko kuwa toka ce kawai, jiƙaƙƙiya. Ya yi wa Uwar Toka sallama, ba ta amsa ba.

Ya ninke zanen, ya sa a kwalla, ya danne murfi. Sannan ya sa takalmi ya fita, tafin hannunsa na raɗaɗi. Ya bi ta kasuwar kifi, ƙarni ya mare shi, bayan ɗan lokaci ya daina ji, ya ce a ransa, sannu da aiki. Ya bi ta wurin masu suyar ƙosai, ta bakin kwata, ta gindin dalbejiya, ya ƙare a gidan Ladidi.

"La'ilaha! Yaya ne a waje? Wa ya mutu kuma?"

"Ba kowa. Ba ni man shafawa, na ƙone. Ki share mini ɗakin zaure, zan kwana biyu."

"Ka ci tuwon?"

"Na ji ƙanshinsa dai. Daddawa ta yi yawa."

"Allah ya shirye ka. Yadda marigayiya ta zauna da kai, ita kaɗai ta sani."

Ya zauna a can har hannun ya yi ɓawo. Ran nan da safe ya koma gida. Ɗakin ya sha iska, ba ya warin komai sai ƙasa. Ya zauna a bakin gado, ya ɗora kwallar a cinya, ya ɗaga murfi.

Tana nan. Farce, sandal, kajiji, da ƙauri kaɗan a gefe, da man kaɗanya a ƙarƙashi. Ya san ƙanshin ba zai daɗe ba. Ya san a wannan lokacin wani tsoho mai gemu ya riga ya tashi, yana tafe yana bin ganuwa, hannu na reto. Numfashi kaɗan gare shi, kuma yana da magana. Ya buɗe baki, ya tsaya neman yadda zai tsara ta, kamar yadda ya saba tsayawa. Kafin ya gama, auduga kawai yake ji.

Ya mayar da murfi, ya tura kwallar ƙarƙashin gado sai wani jiƙon. Maganar ba ta da tsawo, ba ta buƙatar ko littafi ɗaya, kuma duk shekarun da ya yi zaune cikin hayaƙin nan yana ɗaure fuska, bai faɗe ta ba ko sau ɗaya: Yakura, ƙara garwashi, ƙanshin ya yi daɗi.